Chukwuma Kaduna Nzeogwu

Patrick Chukwuma Nzeogwu, wanda aka fi sani da Manjo Kaduna Nzeogwu (an haife shi ranar 26 ga Fabrairu, 1937, ya mutu ranar 29 ga Yuli, 1967), hafsan sojan Najeriya ne da ya jagoranci ɓangaren Kaduna na juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wato juyin mulkin soja na farko a ƙasar. Rundunar da ya jagoranta ce ta kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A Kaduna aka haife shi, a nan ya yi karatu, a nan ya aikata abin da ya sa duniya ta san sunansa, a nan kuma aka binne shi. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba, gwamnati ba ta taɓa fitar da cikakken rahoton binciken da aka yi a kansa ba, kuma har yau ruwayoyi suna karo da juna kan yadda ya mutu.

Farkon rayuwa da karatu

Iyayen Nzeogwu mutanen Okpanam ne, wani gari kusa da Asaba a yammacin kogin Neja, cikin Jihar Delta ta yanzu. Suna cikin dubban 'yan kudu da aiki ya kawo Kaduna bayan Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Jirgin ƙasa ne ya kawo yawancinsu. Babbar tashar Kaduna tana kudancin kogi, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da layin da ya taso daga Fatakwal, kuma daga baya masana'antu suka biyo ta wannan gefen: masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a Kakuri a 1957, sannan aka kafa masana'antar ƙera makamai ta gwamnati a 1964. A irin wannan gari na baƙi da ma'aikata, inda Hausa ce yaren kasuwa da na titi ga kowa, Nzeogwu ya tashi.

Ya yi firamare a makarantar Katolika ta Saint Joseph, ya wuce kwalejin Saint John, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rimi. Ya iya Hausa ƙwarai, har ana cewa ta fi zauna masa a baki fiye da Igbo. Sunan Kaduna ba na yanka ba ne. Abokan aikinsa a soja ne suka laƙaba masa saboda shaƙuwarsa da garin, sunan kuma ya bi shi har ya danne Patrick. (Shi kansa sunan garin ana danganta shi da jam'in kalmar kada, ko da yake Gbagyi suna da tasu fassarar.)

Aikin soja

Ya shiga soja a watan Maris na 1957. Ya fara samun horo a Teshie ta ƙasar Gana, sannan ya tafi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, inda ya fito a 1959. Da ya dawo aka tura shi bataliya ta ɗaya a Enugu, wadda Manjo Johnson Aguiyi-Ironsi yake mataimakin kwamandanta, daga nan aka mayar da shi bataliya ta biyar a Kaduna. A nan ya ƙulla abota da Olusegun Obasanjo. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ya kuma koyar na ɗan lokaci a defot ɗin Zariya.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai riƙon addinin Katolika, ba ya shan giya, ba ya shan taba, mai yawan karatu, mai kuma taurin kai. Bai yi aure ba har ya mutu.

Muƙamin da ya fi tasiri a rayuwarsa shi ne wanda aka ba shi a hedikwatar soja ta Legas, inda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya riƙe sashen leƙen asirin soja. Aikin sashen ya haɗa da tantance jami'ai, tsaron takardun sirri, da sa ido kan masu neman ɓata rundunar daga ciki. Yana wannan kujera aka yi binciken cin amanar ƙasa da ya kai Cif Obafemi Awolowo kurkuku a 1963, kuma Nzeogwu yana cikin masu binciken. Ke nan ya ga cikin gwamnati ta ƙofar baya, ya kuma san yadda ake gano maƙarƙashiya, abin da ke nufin ya san yadda ake ɓoye ta. Bai daɗe ba ya saɓa da wasu manya, aka ɗauke shi daga Legas aka kai shi Kwalejin Horar da Sojoji da ke Kaduna a matsayin babban malami. Idan an yi hakan ne don a nisanta shi daga harkar mulki, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin sabon muƙamin ya ba shi ikon fitar da sojoji da makamai cikin dare da sunan horo ba tare da kowa ya tambaya ba.

Halin da ƙasa take ciki

Daga 1962 zuwa ƙarshen 1965 rikici bai bar Jamhuriya ta Farko ta huta ba. An yi rigimar jam'iyyar AG a Jihar Yamma, rigimar ƙidayar jama'a, boren ƙasar Tibi wanda aka tura sojoji su kwantar a 1964, da zaɓen tarayya na Disamban 1964 da wasu jam'iyyu suka ƙaurace wa. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965 ya jefa yankin cikin ƙone-ƙone da kashe-kashe. A wannan yanayi wasu manjoji suka fara ganawa a ɓoye. Biyar aka fi ambata: Nzeogwu, Emmanuel Ifeajuna, Donatus Okafor, Christian Anuforo da Adewale Ademoyega. Masu tarihi da dama suna ganin Ifeajuna ne ya fara ƙulla shirin a Legas, aka jawo Nzeogwu daga baya saboda ana buƙatar wanda zai riƙe Kaduna. Sunan Nzeogwu ya rufe na sauran ne saboda shi kaɗai ya kammala nasa ɓangaren, kuma muryarsa ce aka ji a rediyo.

Atisayen Damisa

Nzeogwu ya shirya atisayen dare wanda ya sa wa suna Damisa, da Hausa. Yawancin ƙananan sojojin da suka fita ba su san abin da ake nufi ba sai da dare ya raba, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. Cikin ƙananan hafsoshin da suka fita atisayen akwai John Atom Kpera, wanda daga baya ya yi gwamnan soja. Obasanjo, wanda ya dawo daga kwas a Indiya kwana biyu kafin nan, a gidan Nzeogwu ya sauka, kuma ya ce abokin nasa bai gaya masa komai ba.

Lokacin azumin Ramadan ne. A ranar Juma'a 14 ga Janairu, Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola, ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, ya koma Ibadan. An ruwaito cewa ya kawo gargaɗi ne game da take-taken sojoji. Su kuwa masu juyin mulkin daga baya sun yi ikirarin cewa ganawar shiri ce ta tura sojoji su murƙushe 'yan adawa a Yamma, ikirarin da ba su kawo wata takarda da ta tabbatar da shi ba.

Kafin asubahin Asabar 15 ga wata, rundunar Nzeogwu ta kewaye gidan Firimiya, ta harba masa makaman fasa tankar yaƙi har ya kama da wuta. An kashe masu gadi, ɓaraguzan gurneti kuma suka ji wa Nzeogwu rauni. An sami Sardauna a cikin gida tare da iyalinsa, aka harbe shi. Uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi, haka ma dogarinsa Zarumi. Yawancin masu tarihi sun ce Nzeogwu ne da kansa ya yi harbin. A wurin da gidan yake ne Gidan Arewa yake a yau, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

A daren nan wata ƙungiya ƙarƙashin Manjo Timothy Onwuatuegwu ta kashe kwamandan birged ta ɗaya, Birgediya Samuel Ademulegun, da matarsa a ɗakin kwanansu. An kashe Kanar Ralph Shodeinde, an kuma tsare Gwamnan Arewa, Sir Kashim Ibrahim. A Ibadan an kashe Akintola. A Legas an ɗauke Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar uku: James Pam, Abogo Largema da Arthur Unegbe. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawar Tafawa Ɓalewa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta.

Da rana Nzeogwu ya yi jawabi a gidan rediyon Kaduna da sunan majalisar ƙoli ta juyin juya hali. Ya dakatar da tsarin mulki a lardunan Arewa, ya kafa dokar soja, ya yanke hukuncin kisa kan laifuffuka irin su wawaso, ƙone-ƙone, fyaɗe da cin hanci, ya kuma ce abokan gabarsu su ne masu karɓar kashi goma cikin ɗari na kwangila da masu raba kan jama'a da ƙabilanci.

Amma a Legas shirin ya riga ya watse. Babban kwamandan soja, Manjo-Janar Ironsi, ya tsira ya tattara dakaru, Ifeajuna ya gudu Gana. A Kano, kwamandan bataliya ta biyar, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ƙi ba Nzeogwu haɗin kai. Daren 16 ga wata ragowar ministoci suka miƙa mulki ga Ironsi. Nzeogwu ya yi niyyar tunkarar kudu da dakarunsa, sannan ya fasa. Ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da kada a hukunta shi da mutanensa kuma kada a dawo da 'yan siyasar da aka kawar, ya miƙa Arewa ga Manjo Hassan Usman Katsina wanda Ironsi ya naɗa gwamna, sannan ya bi Laftanar-Kanar Conrad Nwawo, tsohon malaminsa da ya amince da shi, zuwa Legas. Yana isa aka tsare shi.

Shari'ar da ba a yi ba

Daga nan labarin ya shige cikin ofisoshin gwamnati, bai kuma sake fitowa gaba ɗayansa ba. An ajiye Nzeogwu a kurkukun Kirikiri, daga baya aka mayar da shi gidan yarin Aba a Jihar Gabas. Gwamnatin Ironsi ta sa a yi bincike, wanda sashen 'yan sandan ciki ya gudanar tare da sa idon Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, shugaban ma'aikatan soja na lokacin. An ɗauki bayanan waɗanda aka kama, an rubuta rahoto, amma ba a fitar da shi ga jama'a ba. Wani sashe na daftarinsa ne ya ɓulla daga baya, kuma da shi masu tarihi suke aiki har yanzu.

Ironsi ya sami kansa tsakanin wuta biyu. A kudu jaridu da ɗalibai suna ɗaukar manjojin a matsayin jarumai. A barikoki kuwa sojojin Arewa suna lissafi: huɗu daga cikin manyan hafsoshinsu biyar sun mutu a dare ɗaya, an kashe Firimiyan Arewa da na Yamma, amma ba a taɓa Michael Okpara na Gabas ko Dennis Osadebay na Yamma ta Tsakiya ba, kuma Unegbe ne kaɗai hafsan Igbo da aka kashe. Gwamnati ba ta yi wa jama'a cikakken bayanin waɗanda suka mutu da yadda suka mutu ba. Shirun nan ya yi ɓarna mai yawa, domin raɗe-raɗi ne suka cike gurbinsa: cewa fursunonin suna karɓar albashinsu, cewa za a ƙara musu girma, cewa akwai juyin mulki na biyu da zai ƙarasa sauran hafsoshin Arewa. A wasu kasuwannin Arewa an riƙa nuna hotunan Nzeogwu da na Sardauna ta hanyar da mutane suka ɗauka izgili ne. An ce majalisar ƙoli ta soja ta amince a gurfanar da manjojin gaban kotun soja, amma ba a kai ga yin hakan ba.

Ranar 24 ga Mayu, 1966, Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke jihohi ta mayar da ƙasar dunƙulalliya. Cikin kwanaki tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, kalmar araba ta shiga bakin jama'a. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi da Gwamnan Yamma Adekunle Fajuyi a Ibadan, Gowon ya hau mulki. A watannin Satumba da Oktoba an kashe dubban 'yan Gabas mazauna Arewa, waɗanda mafi yawansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sauran kuma suka cika jiragen ƙasa suka bar garuruwan da aka haifi 'ya'yansu. Layin dogon da ya kawo irin iyayen Nzeogwu Kaduna shi ne ya kwashe su.

Kasancewarsa a Aba ce ta tsirar da shi a wannan lokaci. Okafor da Anuforo, waɗanda aka tsare a wajen Jihar Gabas, sojoji sun fito da su daga kurkuku sun kashe su a 1966.

Biyafara da mutuwarsa

Ojukwu, wanda ya zama gwamnan Gabas, ya sake shi a watan Maris na 1967. Ba su jitu ba. A hirar da ya yi da ɗan jarida Dennis Ejindu a watan Afrilu, Nzeogwu ya nuna bai goyi bayan ɓallewa ba, ya kuma musanta cewa juyin mulkin Janairu na ƙabila ɗaya ne. Hukumomin Enugu ba su ji daɗin wannan ba, kuma ko da aka ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, ba a ba shi wata babbar runduna ba duk da muƙamin Laftanar-Kanar da aka ba shi. Ya riƙa fita da ƙananan ƙungiyoyi suna kai harin sari-ka-noƙe a fagen Nsukka, garin da sojojin tarayya suka kama a tsakiyar Yuli.

Ruwayar da aka fi yarda da ita ta ce ranar 29 ga Yuli, 1967, shekara ɗaya cif bayan juyin mulki na biyu, ya faɗa kwanton ɓaunar bataliya ta 21 ta sojojin tarayya kusa da Nsukka, lokacin da ya fita sintirin dare. Kyaftin Muhammad Inuwa Wushishi, wanda daga baya ya zama shugaban rundunar sojan ƙasa, shi ne kwamandan bataliyar. Rahotanni sun ce Tom Bigger, ɗan'uwan Ojukwu ta wajen uwa, ya mutu tare da shi. Yana da shekara 30.

Akwai wasu ruwayoyin. Wasu sun ce an kama shi da rai aka kashe shi daga baya. Wasu a ɓangaren Biyafara sun yi zargin cewa da gangan aka tura shi inda ba zai dawo ba, saboda shugabanni ba su amince da shi ba. Wata 'yar'uwarsa ta dage cewa shi ya kashe kansa don kada a wulaƙanta shi. An kuma ruwaito cewa an taɓa gawar kafin manyan hafsoshi su iso, har idanunta ba sa nan. Babu wani binciken hukuma da aka buga wanda ya raba gardama tsakanin waɗannan maganganu.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne abin da ya biyo baya. Gowon ya ba da umarni a ɗauko gawar a kai Kaduna, aka binne ta a maƙabartar sojoji da cikakkiyar girmamawar soja. Mutumin da ya jagoranci kisan Firimiyan Arewa, ya kuma mutu yana yaƙar gwamnatin tarayya, gwamnatin tarayyar ce ta yi masa jana'izar girma a babban birnin Arewa, yaƙi yana tsaka da ci. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa hafsoshi da yawa, har da 'yan Arewa da ya koyar, suna ganinsa ɗan kishin Najeriya ne da ya ɓata hanya, ba ɗan a-ware ba. Iyalan waɗanda aka kashe a Janairu ba lalle su ga abin haka ba.

Shaidun da suka rage

Zuwa ƙarshen yaƙin a Janairun 1970, kusan duk waɗanda suka san cikin shirin sun mutu. Biyafara ta harbe Ifeajuna a Enugu a watan Satumban 1967 tare da Victor Banjo da wasu biyu bisa zargin cin amana. Onwuatuegwu ya ɓace a kwanakin ƙarshe na yaƙin, shi ma ruwayoyi sun bambanta kan ƙarshensa. Ifeajuna ya bar rubutaccen bayaninsa na juyin mulkin, wanda Chinua Achebe ya ce ya karanta amma bai yarda a buga ba saboda bai gamsu da gaskiyarsa ba. Har yau rubutun bai fito a matsayin littafi ba. Cikin manjoji biyar ɗin nan Ademoyega ne kaɗai ya rayu ya ba da labari, a littafinsa Why We Struck na 1981, shekarar da Kyaftin Ben Gbulie shi ma ya fitar da nasa. Dukkansu masu hannu ne a ciki, suna kare kansu ne.

Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne aka samo maganar cewa niyyar manjojin ita ce su fito da Awolowo daga kurkukun Kalaba su ɗora shi kan mulki. Idan haka ne, to Nzeogwu ya yi shirin naɗa mutumin da ya taimaka aka bincika shekara uku kafin nan. Masu sukar wannan magana suna nuni da cewa ba a aika kowa Kalaba a daren ba, kuma jawabin rediyon Kaduna bai ambaci Awolowo ba. Ko mutuwar Tafawa Ɓalewa ba ta tsira daga jayayya ba: a 2010 tsohon minista Matthew Mbu ya ce ciwon asma ne ya kashe shi a hannun masu juyin mulkin, wasu da suka ga gawar suka ƙaryata shi, aka yi ta muhawara a jaridu.

A 1987 Obasanjo ya wallafa littafi mai suna Nzeogwu game da abokinsa, abin da ya jawo masa kakkausar suka a Arewa. A Fabrairun 2025 Janar Ibrahim Babangida, a littafin tarihin rayuwarsa, ya ce bai kamata a kira abin da ya faru juyin mulkin Igbo ba, yana mai kafa hujja da tashin Nzeogwu a Kaduna da kuma Hausarsa, maganar da ta sake tayar da tsohuwar gardamar. Ranar 15 ga Janairu ita ce Ranar Tunawa da Sojoji a Najeriya, amma an zaɓe ta ne saboda a ranar ce Biyafara ta miƙa wuya a 1970.